Abin da Ruwa Ya Kawo Bakin Raga

Unguwarmu a Birnin Kudu a kwari take. Duk ruwan da ya sauka a kan duwatsu da kasuwa da bakin titi wajenmu yake gangarowa, ya bi wani babban lambatu da ya ratsa bayan gidaje har ya je ya faɗa kogi. Da aka yi jinga don ta tare kogin idan ya cika, sai ya zama ruwan gari ma ba shi da mafita. Shi ya sa aka gina gidan inji a ƙarshen lambatun, ɗaki ɗaya na bulo da injuna biyu masu zuƙe ruwa su tura shi ta manyan bututu zuwa bayan jinga. A gaban injunan akwai raga, wato sandunan ƙarfe a jere a tsaye cikin ruwa, masu tare shara kada ta shiga ta shaƙe inji. Ragar nan ita aka ba ni.

Mu asalinmu mutanen Gwaram ne. Ɗinki ne ya kawo mahaifina Birnin Kudu, ya gina gidan ƙasa mai ɗaki biyu a kwarin, don a nan ya sami fili. Da ya rasu, yayana ya koma Gwaram kan gonar gado, aka bar ni da Inna, ni ne auta. Na gama makarantar horon malamai na zauna jiran aiki har jiran ya gundure ni. Wata rana mai unguwa ya aiko a kira ni.

"Ana neman mutum daga cikin unguwa," in ji shi, "wanda in hadari ya haɗo ba sai ya nemi abin hawa ba. Ka riƙe na damina ɗaya, kafin aikinka ya fito."

Na ce zan yi shawara da Inna. Ita kuwa cewa ta yi ya fi zaman dakali. Washegari aka ba ni rigar ruwa da takalmin roba mai kaiwa gwiwa da manjagara mai doguwar ƙota.

Aikin ba shi da wuyar koyo. Kana tsaye a kan dandamalin siminti, raga na ƙarƙashin ƙafarka. Ka zura manjagara har ƙasa, ka kankaro abin da ya manne a jikin ƙarfe, ka jawo shi sama, ka zuba a baro, ka tura zuwa juji, ka dawo ka tarar kamar ba ka taɓa komai ba. Leda ce ta fi yawa, baƙa da fara, sai robobin lemo, da kunzugun jarirai na zamani wanda in ya sha ruwa yake nauyi kamar dutse. Akwai tsumma da tsohon gidan sauro, shi in ya naɗe a ƙarfe sai an sa wuƙa. Akwai silifa ƙafa ɗai-ɗai, da kara, da mushen kaza, wani lokaci har na akuya. Leda ba ta da nauyi, amma ita ce muguwar. Shafewa take a jikin raga kamar an liƙa takarda, ruwa ya taru a gaba, inji yana zuƙar iska a baya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na san daga inda sharar take. A garinmu, ruwa na fara zuba za ka ga an fito da kwando an juye a kwata, wai ruwa ya tafi da ita. Yana tafiya da ita ɗin, amma wajena yake kawowa. Na taɓa tarar da Inna ma tana juye nata.

"Haba Inna, wannan ai ni kika aika wa."

Ta tsaya da kwando a hannu. "To ina zan kai, Auta? Jujin ya cika tun bara."

Daga ranar ta koma ƙona tata a tsakar gida. Sauran gari kuwa ba su fasa ba.

Mu biyu ne a wurin, ni da mai kula da inji, wani dattijo daga wajen Kangire. Baba nake ce masa, shi kuma ya ce mini Malam, saboda karatun da na yi. Gidansu masu shanu ne a da, amma shi a gareji ya tashi, kuma ƙarar injuna ta cinye masa kunne, sai ka matsa ka ɗaga murya yake ji. Yawancin maganarmu da hannu ce. In ya ga inji ya fara tari, sai ya buga sifana a jikin bututu, ni kuma in gane raga ta toshe in ƙara himma.

Daminar da mai unguwa ya ce ta wuce, wata ta zo, wata ta biyo ta. Da rani yashe lambatu muke yi, mutum yana iya neman izini ya yi tafiya. Amma daga ruwan fari zuwa kaka ban isa in yi nisan da ba zan iya dawowa da gudu ba. An yi wa yayana haihuwa a Gwaram, ranar suna na sa sababbin kaya, har na shiga mota a tasha ana jiran ta cika, sai gabas ta yi baƙi. Na sauka. An yi rasuwar ƙanwar mahaifina a Wurno, Inna ce ta je ita kaɗai. Ko a masallacin Juma'a a sahun ƙarshe nake tsayawa, kusa da takalma. Ba wanda ya ɗaure ni, kuma na sha cewa zan ajiye. Sai dai duk wanda aka kawo ya koyi aikin, da ya shaƙi warin ya ga tsutsa, ba ya dawowa. Ga shi kuma in raga ta toshe, layinmu ne na farko da ruwa zai shiga.

Shekarar da nake son ba da labarinta, marka ta yi tsawo. An yi kwanaki rana ba ta fito ta busar da komai ba, gindin katangu duk ya jiƙe ya yi baƙi. Da safen ranar da abin ya faru ina shan koko a tsaye, na kai hannu bangon ɗakin Inna na danna, sai yatsana ya lotsa ciki.

"Inna, ki koma gidan maƙwabta yau. Nasu na bulo ne."

"In ruwan ya ƙaru zan shiga," ta ce. "Bari in ɗage garin tuwon nan da tabarmi tukuna. Kai dai je ka, ga shi can ya haɗo."

Wayarta ta mutu tun jiya, don ba wuta. Na naɗe tawa a leda na sa a aljihu na fita. Kafin ka isa gidan inji daga unguwarmu sai ka tsallaka lambatun ta kan wata gadar katako. Lokacin da na wuce, ruwa ya kusa taɓa katakon, kuma ko ɗigo bai sauka ba tukuna.

Da hantsi ya ɓarke. Ban taɓa ganin irinsa ba. Ko jujin da ke gabana ba na gani sosai, ruwa yana dukan rigata kamar ana jifa da tsakuwa. Baba ya tada injunan duka biyu. Na leƙa bayan jinga na ga kogi ya cika fal, ja wur, yana tafe da itatuwa. Na daina tura baro, don ba lokaci. Abin da na jawo sai in watsa shi a bayana kan dandamali, har tsibin ya kai mini ƙugu.

Wajen azahar sai sharar ta sauya. Ledar gari ta ragu, ruwa ya riga ya wanke ta. Abin da ya fara zuwa zana ce, da karan danni, da faifai, da ƙwarya, da matashin kai. Na san abin da wannan yake nufi. Ruwa ya gama da abin da aka zubar, ya shiga ɗakuna yana kwasar abin da aka ajiye.

Can sai ga wani ƙyaure yana tahowa, yana juyawa a hankali, ya zo ya kwanta a jikin raga ya tare kusan rabinta. Na sa manjagara na kama gefensa na juya shi don in sami abin riƙo. Koren fenti ne a jikinsa, wanda ni na shafa da hannuna ana gobe sallah. A ƙasa ga gwangwanin madarar da na fasa na buga da ƙusa a inda ɓera ya ci. Ƙyauren ɗakin Inna ne, kuma ya zo har da katakon da ke riƙe da shi a bango. Irin wannan ba ya fita sai in bangon ne ya zube.

Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba. Inji ya fara tari, na ji bugun sifana, ban motsa ba. Baba ya fito cikin ruwa yana faɗa, na nuna masa ƙyauren, na kai bakina kunnensa.

"Na Inna ne! Na ɗakinta ne!"

Ya dube shi, ya dube ni. Ya sunkuya muka kama shi tare muka jawo shi kan dandamali. Sannan ya karɓe manjagarar daga hannuna.

"Je ka."

"Inji fa, Baba?"

"Je ka na ce!"

Na ruga, na tarar babu gadar katako, ko alamarta. Lambatun ya cika ya batse har ba a gane bakinsa. Na kama wani rodi da ke kafe a gefe na shiga, ruwa ya kai mini ƙugu, ƙafata ta zame, na ji yana jan takalmin da ƙarfin da ban taɓa zato ba. Ban iya iyo ba, kuma na san inda duk abin da ya faɗa ruwan nan yake ƙarewa. Da ƙyar na jawo kaina na fito.

Saura hanya ɗaya, in bi ta kan jinga har gadar babban titi, in zagayo ta cikin gari. Tafiya ce mai nisa ko da rani. Na kama gudu, laka tana riƙe ƙafata, kogi a dama yana lasar saman jingar. Ban yi nisa ba na ji ƙarar ta sauya, inji ɗaya ya yi tari ya mutu. Na juya. Ta cikin ruwan na hango Baba a durƙushe a bakin raga, yana kokawa da wata katifa da ta fi ƙarfinsa. Bai kira ni ba, ko waiwaye bai yi ba.

A nan na tsaya ina lissafi kamar wanda zai haukace. In injunan nan suka tsaya, ruwan da ke gwiwa a layinmu zai kai ƙirji kafin in zagaya. In Inna tana ƙarƙashin gini da sauran numfashi, ruwan ne zai ƙarasa ta, da ita da duk wanda ke cikin irin halinta. In kuma na koma, wa zai tono ta? Na ciro waya na kira duk wanda na sani a layinmu, ba wadda ta shiga. Na koma.

Na sa hannu na kama wa Baba. Muka fitar da katifar, ya miƙo mini manjagara ya shige ɗakin inji. Ya daɗe yana fama kafin wanda ya mutu ya tashi, don batirinsa ba shi da ƙarfi.

Wannan yinin shi ne mafi tsawo da na taɓa yi. Duk abin da ya taho sai na ƙura masa ido ko namu ne. Na ga wata buta na ce tamu ce, na ga wani murfin tukunya na ce namu ne, alhali irinsu sun cika gari. In abu ya taho mai duhu da nauyi, sai na runtse ido kafin in sa masa manjagara. Wani zani ya zo a kumbure kamar da mutum a ciki. Da na jawo shi na ga ba na Inna ba ne, kuma ba komai a ciki sai iska da ciyayi. Tafin hannuna ya yi bororo ya fashe, ƙotar ta riƙa zamewa, na yage leda na naɗe. Salla ma bi da bi muka yi ta, a tsaye, a jikin bango. Ba abin da nake iya faɗa sai innalillahi, ina jawo shara ina maimaitawa.

Bayan la'asar ruwa ya tsagaita. Ina cikin aiki na hango mutum a tsallaken lambatu yana ɗaga hannu. Maƙwabcinmu ne mai gyaran babur. Ya kafa hannuwa a baki yana ihu, ni kuma ba abin da nake ji sai rurin injuna. Na yi masa alamar ban ji ba, ya sake, ban ji ba. Fuskarsa ta yi mini nisa, na kasa gane ko albishir ne ko ta'aziyya.

Baba yana bakin ƙofa yana kallonmu. Ya san in ya kashe injunan ba lalle su tashi ba. Ya shiga ya kashe su duka biyu. Wurin ya yi tsit, sai ƙarar ruwa.

"Tana da rai!" in ji maƙwabcin. "An fito da ita! Tana firamare! Ƙafarta ce kawai!"

"Wace ƙafar?" na ce, don ban san abin da zan ce ba.

"Ta hagu! Ka kwantar da hankalinka!"

Na zauna daɓas a kan sharar da na tara. A ciki Baba yana ta murɗa inji yana ƙi. Ruwa ya fara hawa a jikin raga ina kallo. Sai da ya cire batirin ɗayan ya haɗa su biyu, sannan guda ya kama. Ya leƙo yana goge hannu da tsumma.

"Alhamdu lillahi. To tashi, Malam, leda ta taru."

Dab da magariba samarin unguwa suka kawo azara da igiya suka gitta, na tsallaka. Layinmu ba ya ganuwa, gidajen ƙasa da yawa sun zauna. A makarantar firamare na sami Inna kwance a kan tabarma cikin wani aji cike da mata da yara, an ɗaure ƙafar da zani. Matar maƙwabcinmu ta ce mini ta riga ta shiga wajensu, sai ta tuna da garin tuwo ta koma. Tana fitowa bangon ya biyo ta ya danne mata ƙafa, mata ne suka taru suka janye ta.

Na durƙusa a gabanta. Ta buɗe ido ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Auta, kai ne? Wa ka bar wa ragar?"

"Baba yana can, Inna."

"Shi kaɗai? Tsohon nan?"

A baranda wani da gidansa ya rushe ya tare ni. "Wai ina amfanin injin naku?" Wani ya ce masa ya ji tsoron Allah, da ba don injin ba da ko makarantar nan ba a samu an fake ba. Na wuce na bar su suna musu.

Washegari muka kai ta asibiti aka ɗaure ƙafar. Yayana bai iso ba sai bayan kwanaki, saboda ruwa ya yanke hanyar Gwaram, a babur ya zagayo. Muka tsaya ni da shi a kan tsibin ƙasar da a da gidanmu ne.

"Ka tattara mu tafi," ya ce. "Ga gona, ga ɗaki. Me ya rage maka a nan?"

"Babu, Yaya."

Da gaske nake, har na fara haɗa ɗan abin da muka tono. Da yamma sai ga mai unguwa da dattawa biyu.

"Mun ji labari, kuma ba mu ga laifinka ba," in ji shi. "Amma ka duba, gidajen da suka rage duk a jiƙe suke, ruwa ɗaya mai ƙarfi ya ishe su. Ka yi mana haƙuri zuwa kaka."

Na je wajen Baba ko zai ce wani abu. Yana zuba wa inji mai, bai ɗago ba.

"In za ka tafi ka faɗa mini da wuri," ya ce, "in sa a rage wa manjagarar nan ƙota. Ta yi mini nauyi."

Da hanya ta buɗe, ni na ɗauki Inna na sa ta a mota, na gyara mata ƙafar a kan matashi. Na ce wa yayana ni sai kaka, ya ɓata rai, suka tashi suka bar ni. Na kwashe tabarmata na koma wani lungu a gidan inji, tsakanin durom ɗin mai da bango. A nan na ƙarasa daminar.

Bayan kaka na je Gwaram. Na tarar da ita a gindin darbejiya a gidan yayana, da sanda a gefenta, jikoki suna hawa jikinta. Na ce mata in na gyara gida zan zo in ɗauke ta.

"A'a, Auta," ta ce. "Na gaji da kwari. Kai dai ka taho."

Na yi 'yan makonni ina taya su sussuka, har yayana ya nuna mini inda zai yi mini ɗaki. Sai aka aiko ana nemana, wai ƙasar gidajen da suka zube duk tana cikin lambatu, in ba a yashe ba ruwan fari ma ba zai wuce ba. Na koma. Ranin nan gaba ɗaya da shebur muka yi shi, mu da 'yan ƙwadago. Abin da muka fitar mutane suka riƙa zuwa da baro da amalanke suna ɗiba, suna buga tubali suna sake gini. Ni ma na ɗiba. Na tada ɗaki ɗaya a filinmu, na yi masa gindi da bulo har gwiwa.

Sai da na ƙara damina biyu a bakin raga kafin aikin koyarwa ya fito mini a wani ƙauye wajen Kiyako, aka sa mutum biyu a madadina. Ɗakin yana nan har yanzu. Inna ba ta taɓa zuwa ta gan shi ba. In na je Gwaram takan tambaye ni ko yana yoyo, in ce mata ba ya yi.